Kosta Rika, Gwatamala ko Ikwado: ina mai niyyar aikin sa-kai ya kamata ya dosa?

Abin da ke fara ɗaure wa mutanenmu kai game da aikin sa-kai a Latin Amurka shi ne jin cewa kai ne za ka biya. Ka sayi tikitin jirgi, ka sha wahalar biza, ka je ka yi wa mutane aiki kyauta, sannan a miƙo maka lissafin kuɗin kwana da abinci. Ƙanena da ya gama karatun kimiyyar halittu, ya kuma shafe wata shida yana koyon Sifaniyanci a waya, da na gaya masa haka sai ya ce, "Yaya, wannan ai ga mari ga tsinka jaka." Bai yi ƙarya ba gaba ɗaya. Sai dai akwai dalili. Yawancin ƙungiyoyin da ke karɓar baƙi ƙanana ne, ba su da mai ɗaukar nauyinsu, kuɗin da baƙon ya kawo da shi ake ciyar da shi, a biya mai girki, a sa wa kwalekwale mai. Inda gizo ke saƙar shi ne 'yan tsakiya, kamfanonin da ke zaune a Turai da Amurka suna tallar tafiyar da hotuna masu kyau. Su kan karɓi kaso mai tsoka, ɗan abin da ya rage su tura can. Don haka kowace ƙasa ka zaɓa, tambayar farko ɗaya ce: a cikin kuɗin nan, nawa ne zai isa hannun mutanen da zan zauna da su? Wanda ya kasa ba ka amsa a rubuce, ka bar masa kayansa.

Ƙasashen nan uku suna cikin waɗanda suka fi jan masu wannan niyya a yankin mai zafi da ruwan sama, kuma ba abu ɗaya suke bayarwa ba.

Kosta Rika ita ce ta fi suna, ita ce kuma ta fi sauƙin zama. Ta soke rundunar sojanta tun 1948, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarta an keɓe shi don daji da namun dawa, kuma harkar karɓar baƙi ta zauna mata daram. Aikin da aka san ta da shi shi ne gadin kunkurun teku. A Tortugero, gaɓar tekun Karibiyan, inda mota ba ta zuwa sai kwalekwale ko ƙaramin jirgin sama, wani masani Ba'amurke mai suna Archie Carr ya fara bin diddigin kunkurun tun shekarun 1950, kuma ƙungiyar da aka kafa kan aikinsa a 1959, wadda yanzu ake kira Sea Turtle Conservancy, tana nan har gobe. Koren kunkuru yana hawowa yin ƙwai daga Yuli zuwa Oktoba. Wani nau'in mai bayan fata, wanda ya fi kowanne girma, shi kuma daga Maris zuwa wajen Yuni.

A hoto abin gwanin sha'awa, a ƙasa kuwa aikin dare ne. Za a tashe ka wajen goma ko sha biyun dare, ka sa baƙaƙen kaya, ba a kunna tocila sai mai jan haske, don farin haske yana firgita uwar ta koma ruwa da ƙwanta. Ka yi ta taka yashi mai nutsewa na sa'o'i, igiyar ruwa na dukan ƙafarka, sauro na bin wuyanka. In an dace da ita tana haƙa, sai ku durƙusa a bayanta shiru. Idan ta fara zubawa, ɗaya ya sa safar hannu yana ƙirgawa, ƙwai farare masu taushi, ɗari ko fiye kaɗan, wani ya auna faɗin bayanta da tef, shugaban tawaga ya duba lambar ƙarfen da ke hannunta. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fashe su nufi ruwa, kuma zafin yashin ne ke tantance za su fito maza ko mata. Wasu dararen ba za ku ga ko ɗaya ba, sai ruwan sama. Shi ma ruwan ba irin namu ba ne: Tortugero na samun fiye da milimita 5,000 a shekara, alhali Kano ba ta cika kaiwa 1,000 ba. Riga ba ta bushewa, takalmi yana yin funfuna a cikin jaka.

A ɗaya gaɓar, ta tekun Fasifik, akwai ƙauyen Ostiyonal, inda wani nau'in kunkuru ke fitowa dubbai a lokaci guda har a rasa wurin sa ƙafa. Tun 1987 doka ta ba mutanen ƙauyen damar kwasar ƙwan da aka zuba a sa'o'i 36 na farko su sayar, tunda na baya in sun zo tone su za su yi su farfasa, su kuma mutanen su tsare sauran. Baƙi da yawa kan kaɗu in sun ga ana loda ƙwai a buhu. A ganina wannan tsari ya fi wa'azin kare muhalli dubu, don ya gane cewa mai jin yunwa ba ya gadin abinci.

Aibin Kosta Rika biyu ne. Na farko tsada. Ta fi sauran biyun nesa ba kusa ba, abinci da mota da wurin kwana duk farashinsu ya bi aljihun Amurkawan da ke kwarara can. Na biyu, mai son Sifaniyanci zai iya dawowa kamar yadda ya tafi. A sansanin kunkuru abokan aikinka Jamusawa ne da 'yan Holan da Amurkawa, da Turanci za ku kwana ku tashi, kuma a lardin Limon akwai baƙaƙen fata jikokin 'yan Jamaika da aka kawo aikin layin dogo a shekarun 1870, waɗanda ke da nasu Turancin. Wannan na da daɗinsa, don a can ba wanda zai tsaya kallonka, amma ba makarantar harshe ba ce.

(Wani abu da ya haɗa mu da su wanda ba kowa ya sani ba: cibiyar Clodomiro Picado ta Jami'ar Kosta Rika tana cikin masu haɗa maganin dafin maciji da ake yi wa waɗanda kububuwa ta sara a asibitin Kaltungo na jihar Gombe. Macijin da su ke tsoro a can suna kiransa terciopelo, shi ya sa ba a shiga daji sai da takalmin roba mai tsawo.)

Gwatamala daban ce, kuma a nan zan fi daɗewa, don ita ce na fi ba mutane shawara. Ƙasa ce da ta sha wuya. Yaƙin basasa daga 1960 zuwa 1996 ya ci kimanin mutum 200,000, mafi yawansu 'yan asalin ƙasar ne na ƙabilun Maya, kuma har yau kusan rabin yaran da ba su kai shekara biyar ba ba sa girma yadda ya kamata saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Aikin sa-kai a nan aikin mutane ne: koyarwa, ɗakin shan magani, ruwan sha, gini, ƙungiyoyin mata masu saƙa.

Abin da ta fi kowa da shi shi ne makarantun koyon harshe. A Antigwa, tsohon babban birnin da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1979, da kuma Ketsaltenango da kowa ke kira Shela, tsarin kusan ɗaya ne: malami ɗaya, ɗalibi ɗaya, tebur ƙarami a tsakar gida, sa'a huɗu ko biyar kowace safiya. A haɗa ka da wani gida ka zauna da su, uwar gida ta ba ka abinci sau uku a rana ban da Lahadi. Da rana ka tafi wurin aikinka. Kuɗin mako guda da komai da komai bai kama ƙafar na Kosta Rika ba. Mutanen kuma suna magana a hankali, kalma tana fita sarai, wataƙila don da yawansu su ma Sifaniyancin harshe na biyu ne gare su, a gida Kiche ko Kakchikel ko Mam suke yi, cikin harsunan Maya sama da 20 da ke ƙasar. Wanda ya taso yana Hausa a gida, Turanci ko Faransanci a makaranta, ya san wannan hali, kuma ba a yi wa juna dariya in harshe ya sarƙe.

Tsakanin biranen biyu, Antigwa ta fi kyau, ta fi cika da 'yan yawon buɗe ido, ta fi tsada. Shela gari ne na masu harkar gabansu, baƙi kaɗan ne, dole ka yi yaren ko ka kwana da yunwa. A can ne kuma ƙungiyar EntreMundos take, wadda ke tattara sunayen ƙungiyoyin ƙasar masu neman hannu, ta yadda za ka tuntuɓe su kai tsaye ba tare da ɗan tsakiya ba. Sai dai kada kalmar "ƙasa mai zafi" ta yaudare ka. Shela na kan tudu fiye da mita 2,300, a Disamba da Janairu sanyin asuba har raɓa kan daskare, gidajen kuma ba abin ɗumama ɗaki. Ka tafi da rigar sanyi ta gaske, wadda ta fi ta hunturun Jos. Mai son zafi da daji sai ya gangara arewa zuwa Peten, inda ƙungiyar ARCAS ke da cibiyar kula da namun dajin da aka ƙwato daga masu fasa-ƙwauri.

Akwai wani aiki a ƙauyukan tudu da ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya taɓa shiga madafin kakarsa. Mata na girki a kan murhun duwatsu uku a cikin ɗaki, jinka ta yi baƙi ƙirin, jariri goye a baya yana shaƙar hayaƙin, ido na hawaye. Ƙungiyoyi da dama na gina musu murhun bulo mai faranti na ƙarfe a sama, inda ake gasa wainar masararsu da ake kira tortiya, da bututun da ke fitar da hayaƙi waje. Itace ya ragu, tari ya ragu. Kai aikinka kwaɓa siminti da miƙa bulo, maginin ɗan garin ne, haka kuma ya kamata. Duk aikin da ka ga baƙo ɗan shekara ashirin da bai taɓa riƙe cokalin gini ba ya ture magini gefe, ka san ba don 'yan garin aka shirya shi ba. Kuma wannan sana'a ce da mutum zai iya dawowa da ita gida a kansa.

Gidan marayu kuwa, ni dai ina hana mutane, a Gwatamala ko a ko'ina. An daɗe da gano cewa akasarin yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su, kuma kuɗin baƙi na ƙara wa masu gidajen ƙwarin gwiwar tara yara. Gwatamala ta ɗanɗana kuɗar wannan harka: sai da ta rufe ƙofar bayar da yara riƙo ga 'yan ƙasashen waje a 2008 saboda cinikin jarirai da ya yi ƙamari, sannan a Maris 2017 gobara ta kashe 'yan mata 41 a wani gidan kula da yara na gwamnati. Ko da gidan na kirki ne, yaron da ya saba da kai mako biyu ka tafi, wani ya zo mako biyu ya tafi, me aka koya masa? Makarantar jeka-ka-dawo da yaro ke komawa wurin uwarsa da yamma ita ce wurin zuwa, kamar irin wadda Camino Seguro ke gudanarwa tun 1999 don 'ya'yan masu tsince-tsince a babbar bolar birnin Gwatamala. Kuma ƙungiyar da ba ta nemi takardar shaidar ɗa'a daga 'yan sanda kafin ta bar ka kusa da yara ba, ita ma abar tuhuma ce.

Tsaro shi ne raunin ƙasar. Wasu unguwannin babban birnin ba a shigarsu, ba a tafiyar dare tsakanin garuruwa, kuma tsofaffin motocin makarantar Amurka da aka yi wa fenti kala-kala suka zama motocin haya suna gudu a kan tsauni kamar direban ya yi sallama da duniya. Ga duwatsu masu aman wuta: Fuwego da ke kallon Antigwa ya yi mummunan aman da ya binne ƙauyuka a Yuni 2018.

Ikwado ita ce ta mai son daji na sosai. Daga Kito, babban birnin da ke kan mita 2,850, inda hawa bene ɗaya zai sa ka haki a kwanakin farko, tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota ka gangara Tena ko Puyo, bakin dajin Amazon. Ƙasar ta sa haƙƙin muhalli a kundin tsarin mulkinta na 2008, a 2023 kuma jama'a suka kaɗa ƙuri'ar dakatar da haƙar mai a wani sashe na gandun Yasuni, amma mai da zinare da katako na ci gaba da cin dajin, su ne kuma ke samar wa cibiyoyin ceton dabbobi aiki. Kada ka ɗauka wasa da birai za ka yi. Aikin shi ne yanka gwanda da ayaba tun da duku-duku, ɗaukar guga, kankare kashin aku, gyara keji. Cibiyar kirki ba ta barin ka taɓa dabbar da ake son mayarwa daji, don in ta saba da mutum ta gama yawo. Wadda ke tallar hoton baƙo rungume da biri gidan kallo ce ta sake suna. Mafi yawan na kirkin ba sa karɓar mai mako ɗaya, sun fi son wata guda ko fiye.

Kuɗin Ikwado dalar Amurka ce tun 2000, abin da ke sauƙaƙa lissafi, rayuwa kuma ta fi ta Kosta Rika araha in ka cire tsibiran Galapagos. Su waɗannan suna da nisan kusan kilomita 1,000 daga gaɓa, kuɗin shiga kaɗai ya koma dala 200 ga baƙo tun Agusta 2024, ana ƙayyade zaman kowa har 'yan ƙasar, kuma abin da ake sa masu sa-kai galibi sarar ƙayar wani ɗan itace ne da aka shigo da shi ya mamaye tsaunuka. Ga mai ƙaramin ƙarfi, ban ga dalili ba. Babbar damuwar ƙasar yanzu tsaro ce. A Janairu 2024 Shugaba Daniel Noboa ya ayyana yaƙi da ƙungiyoyin masu safarar ƙwaya, kuma rikicin ya fi tsanani a gaɓar teku, Gwayakil da Esmeraldas. Yankin Amazon da tuddai sun fi lafawa, amma ba ƙasar da za ka shiga ba tare da bin labaranta mako-mako ba.

Duk wannan zance ne na wanda ya isa. Shafukan kamfanonin nan an rubuta su ne don Bature da Ba'amurke, waɗanda ke sauka a buga musu hatimi su wuce. Mai fasfon Najeriya sai da biza a duka ukun. Ikwado ta taɓa buɗe ƙofa ga kowa a 2008, ta dawo ta sa wa 'yan Najeriya biza a 2010. Ofisoshin jakadancinsu a Afirka 'yan kaɗan ne. Babu jirgi kai tsaye daga yankinmu. In ta Madrid za ka bi, mai fasfon Najeriya ko Gana yana cikin waɗanda ake nema wa bizar ratse ta Turai ko da ba zai fita filin jirgi ba. In ta Amurka ce, ba a ratsawa sai da bizarsu. Jirgin Turkiyya na zuwa Bogota da Panama daga Istanbul, amma su ma ƙasashen da za ka ratsa suna da nasu sharuɗɗan. Ga kuma zargi: fiye da mutum 500,000 ne suka keta dajin Dariyen, da ke tsakanin Kolombiya da Panama, a 2023 suna neman kaiwa Amurka, da 'yan Afirka a cikinsu, don haka jami'in shige da fice zai dube ka da wannan idon. Ka riƙe wasiƙar gayyata mai adireshi da lambar waya, tikitin dawowa, shaidar kuɗi a banki, da katin rigakafin shawara. Kada ka biya ko sisi ga wata ƙungiya kafin biza ta fito, sai in ta rubuta cewa za ta mayar.

Abinci da ibada ba su kai yadda ake tsoro ba. Akwai masallatai a San Hose, babban birnin Kosta Rika, da birnin Gwatamala da Kito, amma a wurin aikinka kai ne liman kai ne ladan, alƙibla kuma ta karkata arewa maso gabas. Shinkafa da wake, ƙwai, kifi, ayabar suya da rogo suna ko'ina, kuma gallo pinto na Kosta Rika ɗan'uwan garau-garau ne. Abin lura shi ne kitsen alade da suke kira manteca, wanda kan ɓuya a cikin wake da dafaffen ƙullin masara, don haka "sin cerdo, sin manteca" na cikin kalmomin da za ka fara haddacewa. A ƙauyukan ƙabilar Kichwa na Amazon kuma ana tarar baƙo da ƙwaryar chicha, kunun rogo da aka bari ya yi tsami, wani lokaci har ya fara bugarwa, kuma mayar da ita ba bayani rashin ladabi ne. Ka sa shugaban aikinku ya yi musu bayani tun kafin a miƙo. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, gidan sauro kaɗai ba ya isa.

Ƙanena ya tambaye ni, ba wadda ta fi kusa? Akwai. Ikwatoriyal Gini, wadda ta samu 'yanci daga Sifaniya a 1968, Sifaniyanci ne harshen gwamnatinta, ga Hausawa 'yan kasuwa a Malabo da Bata, kuma a kudancin tsibirin Biyoko kunkurun teku na hawowa, har jami'ar ƙasar da Jami'ar Drexel ta Amurka sun yi shekaru suna aikin kare su tare da birai. Amma guraben kaɗan ne ƙwarai, na ɗaliban bincike ne, ba kasuwa ce a buɗe ba. Mai sana'a a hannu kuwa, likita ko injiniya ko malamin gona, bai kamata ya biya kowa ba. Shirin masu sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, da aka kafa a 1970, yana tura ƙwararru har Latin Amurka da kuɗin alawus, sai dai yana son Sifaniyancin da ya nuna.

In an ce in yanke: mai mako biyu ko uku da aljihu mai nauyi, wanda kuma ba ya jin yaren, Kosta Rika ce tasa, don kunkuru ba ya buƙatar a yi masa magana, kuma gajeren zama ba ya cutar da kowa a can, muddin ya daidaita tafiyarsa da watannin ƙwai. Mai karatun dabbobi ko tsirrai da ke da wata biyu, wanda ba ya gudun laka da kaɗaici, ya tafi Tena. Sauran, masu son aiki da mutane da masu son dawowa da harshe a baki, su tafi Shela, su ba makaranta wata guda cur kafin su ce za su taimaki kowa, su kuma tuna kwana 90 da ake bayarwa a Gwatamala haɗe yake da na Salbado, Honduras da Nikaragwa, tsallaka iyaka zuwa can ba ya sabunta shi.

Ƙanena ya ce shi haɗawa zai yi, wata ɗaya a Shela, sannan ya gangara Peten wurin dabbobi, biza ɗaya, tikiti ɗaya. Yanzu yana jiran amsar wasiƙu uku da ya tura, ya kuma sa an ɗinka masa rigar sanyi mai auduga a ciki.